Amsar Tambaya: Kalmomin Kashe Kuɗi a Ingilishi da Yadda Ake Aiki da Su

Assalamu alaikum ɗana, da fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan kuma kasuwa tana albarka. Saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗi ƙwarai da ka tuna da tsohon malaminka na Ingilishi bayan shekarun nan da suka shige. Ka gaya mini cewa yanzu kana da rumfa a Kasuwar Dole a nan Damagaram, kana saro kayan wayar hannu daga Kano, kuma kwanan baya ka fara hulɗa ta WhatsApp da wani dila na ƙasar Sin wanda babu harshen da ya haɗa ku sai Ingilishi. Ka rubuta masa “I have paid the cartons, how much do you cost for transport?”, shi kuwa bai maido maka da komai ba sai alamar tambaya. Abin da kake son sani shi ne bambancin “spend” da “pay” da “cost” da “charge”, tunda a littafin rubutunka na kwaleji an jera su duka wuri ɗaya a ƙarƙashin kashe kuɗi. Na zaɓi in amsa maka a bainar jama'a domin ƴan'uwanka ƴan kasuwa da ɗalibai su amfana, don na daɗe ina ganin wannan tuntuɓe a takardun yara.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, kowane ciniki yana da kusurwa huɗu: mai saye, mai sayarwa, haja, da kuɗin da ke tsakani. Kalmomin da ka ambata duk labarin ciniki ɗaya suke bayarwa, sai dai kowace tana tsaye a kusurwarta, tana da wanda ta yarda ya zo gabanta a matsayin mai aikatawa, tana kuma da abin da ta yarda ya biyo bayanta. Mu da muka yi karatu da Faransanci muna ƙara wa kanmu wahala, domin mukan ɗauki magana daga Hausa mu kai ta Faransanci, daga can kuma mu tura ta Ingilishi, kamar mai zuwa Kano daga Damagaram ya ce sai ya biya ta Yamai. A wannan fage na kuɗi, sau da yawa Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi, kuma zan nuna maka haka a wurare da dama. Tunda kundin da ƙasarmu ta kafa a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, ina ganin lokaci ya yi da za mu saba da ƙetarawa daga harshenmu zuwa Ingilishi kai tsaye.

“Spend” kalmar mai fitar da kuɗi ce, kuma abin da ke biyo ta kai tsaye shi ne kuɗin kansu. Ana cewa “I spent ten thousand francs on rice”, wato na kashe jaka goma a kan shinkafa. Ka lura da ƴar ƙaramar kalmar nan “on”, wadda ta yi daidai da “a kan” tamu. “Pour” ta Faransanci ce take jan hannun ɗalibi ya rubuta “for”, alhali da ya bi Hausarsa da bai ɓata hanya ba. Idan aikin ya riga ya wuce “spent” ake cewa. Ana kuma amfani da ita ga lokaci, kamar “I spent three days in Kano”, na kwana uku a Kano, a inda Bafaranshe zai kawo “passer”. Asalinta daga Latin ne, daga wata kalma mai nufin aunawa, domin a zamanin da ana auna azurfa a kan sikeli kafin a miƙa wa mai kaya. Daga wannan tushe ne “expensive” ta fito, da “expenses”, wato kuɗin da mutum ko shago ke kashewa yau da kullum, da “expenditure”, wadda ta fi zama a bakin gwamnati da masu kasafin kuɗi. Ka kiyayi “dispense”: ta yi kama da “dépenser” a ido, amma ma'anarta rarrabawa ce, musamman rarraba magani.

“Pay” ita ma ta mai fitar da kuɗi ce, amma idonta yana kan wanda ya karɓa, kuma a nan ne rabin kuskurenka yake. Abubuwa uku ne suke iya biyo ta kai tsaye: mutumin da aka ba kuɗin, ko adadin kuɗin, ko wani nauyi da ke wuyan mutum kamar bashi da haya da haraji. Saboda haka “I paid the driver”, “I paid five thousand” da “I paid the rent” duk daidai ne. Amma hajar da aka saya ba ta zuwa sai da “for” a gabanta. Da ka rubuta “I have paid the cartons”, abin da ka faɗa shi ne ka miƙa wa kwalayen kuɗi a hannunsu. Faransanci ya yarda da “j'ai payé les cartons”, kuma Faransancin da muke yi a nan Afirka ta Yamma ya ƙara rikita lamarin, domin mukan ce “payer” alhali saye muke nufi. Bahaushe kuwa cewa yake “na biya kuɗin kwalaye”, kuma wannan “kuɗin” da ya shiga tsakani shi ne aikin da “for” take yi. Dubi yadda ma'ana take juyawa: “I paid the driver” na biya direba ke nan, amma “I paid for the driver” na biya wa direba ne, kamar a ce kun tsaya cin abinci a Matameye ka ɗauke masa kuɗin tuwonsa. Cikakkiyar jimla takan tattara su duka: “I paid the trader fifty thousand francs for the cartons.” Wannan kalma daga Faransanci ta shiga Ingilishi tun ƙarnukan baya, kuma tushenta na Latin yana nufin kwantar da hankali, wato kwantar da hankalin mai bin ka bashi. Duk wanda aka taɓa yi wa sallama da asuba a kan bashi ya san hikimar wannan asali. Tana da ƴan rakiya da ɗan kasuwa ba ya rabuwa da su: “pay back” mayar da rance, “pay off” gama biyan bashi kakaf, “pay in cash” biya kuɗi hannu, “pay by transfer” biya ta banki, “pay in advance” biya kafin a kawo kaya, “pay in instalments” biya kaɗan-kaɗan. A rubuce “paid” ce idan an riga an biya.

“Buy” ba ta da wahala, ita ce saye, kuma hajar tana biyo ta kai tsaye. “Purchase” ƴar'uwarta ce ta takarda da ofis. Abin kiyayewa kawai shi ne “bought”, na saya, da “brought”, na kawo, waɗanda harafi ɗaya ya raba, kuma a harkar kaya wannan harafi yana iya haddasa gardama.

Sauran rabin kuskurenka yana kan “cost”. Wannan kalma ta haja ce: kaya ne suke zuwa gabanta, ko aiki, ko tafiya. Hausa tana da irinta sak, wato “ci”, kamar yadda muke cewa ginin nan ya ci kuɗi. To, da ka tambayi dilanka “how much do you cost”, ka mai da shi haja, ka tambaye shi nawa ake sayar da shi kansa. Kalmar da kake nema ita ce “charge”, wadda ta mai sayarwa ce ko mai yin aiki, ita ce yanka wa mutum kuɗi. Mutanen Kano ma sun are ta, za ka ji suna cewa “nawa za ka caje ni?” Kada “charger” ta Faransanci, mai nufin loda kaya, ta ruɗe ka. Idan aka yanka maka fiye da ƙima an yi “overcharge”, abin da aka ba ka kyauta kuwa “free of charge” ne. Ka ɗauki ɗan kabu-kabu da ya kai babur ɗinsa gyara aka karɓi jaka biyu. Yana iya cewa “I spent two thousand on the repair”, na kashe jaka biyu a kan gyara. Ko “I paid the mechanic two thousand”, na biya bakanike jaka biyu. Ko “The repair cost me two thousand”, gyaran ya ci jaka biyu. Ko “The mechanic charged me two thousand”, bakanike ya yanka mini jaka biyu. Gyara ɗaya ne, kuɗi ɗaya ne, wurin tsayuwar mai magana ne yake sauyawa. Ka kuma lura cewa “cost” ba ta sauya siga ko an wuce lokacin. “Costed” tana nan, amma ta masu lissafi ce idan sun ƙiyasta abin da aiki zai ci.

A kasuwannin Nijeriya za ka ji ana cewa “e too cost”, wato ya yi tsada. Wannan Ingilishin kasuwa ne, kuma yana aikinsa a can, amma a rubutu “it is too expensive” ake cewa. Kaya ne suke zama “expensive”, farashi kuwa “high” yake zama ko “low”, daidai da yadda muke cewa kaya sun yi tsada, farashi ya hau ko ya sauka. “Cheap” araha ce, sai dai tana ɗauke da ƙurar da araha take ɗauke da ita a wurinmu, inda aka ce araha ba ta ado. Idan ka ce da mutum kayansa “cheap” ne yana iya jin ka rena ingancinsu, a Amurka kuma idan aka kira mutum da ita ana nufin marowaci ne. Idan yabon farashi kake so ka yi, “reasonable” ko “affordable” sun fi tsabta. “Priceless” kuma abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi ne, abin da ba shi da daraja ko kaɗan shi ne “worthless”. Yara da yawa sukan juya su a jarrabawa.

Akwai wata kalma kuma da ba ka tambaya ba amma ba za ka yi ciniki ba tare da ita ba, wato “afford”. Kusan kullum da “can” ko “cannot” take tafiya. “I cannot afford it” yana nufin ba ni da halinsa, ya fi ƙarfin aljihuna. Ina son wannan kalma domin tana ba mutum hanyar ƙin farashi ba tare da ya zargi mai kaya da tsawwalawa ba, ta mai da maganar a kan halin mai saye. Tana kuma wuce kuɗi, kamar “I cannot afford to lose this customer”, wato rasa wannan abokin ciniki asara ce da ba zan iya ɗauka ba.

Inda Hausa da Ingilishi suka rabu sosai shi ne wajen sunayen abin da ake biya. Mu kalma ɗaya muke ɗauka mu liƙa mata abin da muke so: kuɗin mota, kuɗin makaranta, kuɗin haya, kuɗin wuta, kuɗin asibiti. Bature kuwa kowane ya ba shi sunansa, kuma idan ka ce “car money” ko “school money” zai gane da ƙyar. Kuɗin mota ko jirgi “fare” ne. Abin da ake ba makaranta ko likita ko lauya “fee” ne, kuma tushen wannan kalma yana komawa ga wata tsohuwar kalma mai nufin dabbobin kiwo, kamar yadda makiyayanmu har yau suke kiran garkensu dukiya. Kuɗin haya “rent”, takardar wuta ko ruwa “bill”, tara “fine”, kuɗin da ake karɓa a shingen kan hanya “toll”, haraji “tax”, abin da duwan suke karɓa a kan kayan da aka shigo da su “duty” ko “customs duty”. La'adar dillali “commission” ce, kafin alƙalami “deposit”, tukuici “tip”, toshiyar baki kuwa “bribe”, kuma Bature ba ya yarda a sa waɗannan biyun na ƙarshe a kwando ɗaya. Har a maganar aure akwai abin lura: “dowry” a asalin Ingilishi dukiyar da amarya take zuwa da ita gidan miji ce, ta fi kusa da gara da kayan ɗaki, abin da ɓangaren ango yake bayarwa kuwa “bride price” suke kiransa, ko da yake a Nijeriya za ka ji ana kiran sadaki da “dowry”.

Takardu uku ne za su riƙa shiga tsakaninka da dilanka, kuma jerinsu yana da muhimmanci. Kafin ciniki ya faɗa yana aiko maka da “quotation”, takardar da ke nuna farashin da ya yanka. Idan kun daidaita sai ya aiko da “invoice”, takardar neman biya, wadda muka sani da “facture”. Bayan ka biya sai ka nemi “receipt”, wato rasit, shaidar cewa kuɗi sun shiga hannunsa. Harafin “p” da ke cikinta ba a furta shi. Wanda ya riƙe “invoice” yana zaton shaidar biya ce, ba shi da hujja ranar gardama. Idan kaya sun zo a lalace kana son a maido maka da kuɗinka, “refund” za ka nema. A wannan fage Faransanci ya haƙa mana ramuka da dama. “Monnaie” ba ita ce “money” ba: canjin da ake maido maka “change” ne, kuɗin wata ƙasa kamar sefa ko naira kuwa “currency”. “Caution” a Ingilishi hattara ce, “location” wuri ne, babu ruwansu da kuɗin ajiya ko haya. “Prix” kuma ta rabu biyu, farashi “price”, kyautar gasa “prize”. Ita “money” kanta ba a ƙirga ta kamar awaki, shi ya sa ake tambaya da “how much”, ake kuma cewa “a lot of money”.

Yanzu sai ɓangaren da na fi so ka natsu a kansa, domin ƙamus ba ya cika bayyana shi. Bayan kalmomin da suke ba da labarin ciniki kawai, akwai waɗanda suke ɗauke da hukuncin mai magana a kan wanda ya kashe kuɗin. Mu ma haka muke: kashe kuɗi daban, ɓarnatar da su daban, facaka da wadaƙa da almubazzaranci kowace da nauyinta. “Spend” ba ta yabo ba ta zargi. “Waste” ɓarna ce, an kashe ba a ga amfani ba, kuma ita ma da “on” take tafiya. “Squander” ta fi ta nauyi, ita ce ta wanda ya gaji gona da gida ya ƙarar da su cikin shekara biyu, kuma da ita wasu masu fassara Alƙur'ani zuwa Ingilishi suka fassara hanin da ke aya ta 26 ta Suratul Isra'i, wadda aya ta 27 ta biyo ta da cewa masu almubazzaranci ƴan'uwan shaiɗanu ne. “Fritter away” ita ce zubewar kuɗi kaɗan-kaɗan, yau katin waya, gobe shayi, jibi tsire, har uwar kuɗi ta ƙare mutum bai san inda ta shiga ba. Wannan ce cutar da ta fi kama matasan ƴan kasuwa, shi ya sa nake so ka san sunanta. “Blow” ta hira ce tsakanin abokai, a kashe kuɗi masu yawa a tashi ɗaya. Amma “splurge”, da “splash out” ta mutanen Ingila, ba su da wannan ɗacin, su ne irin abin da magidanci yake yi da Salla, ya sayi shadda mai tsada sau ɗaya a shekara yana sane, yana kuma jin daɗi. Idan kuwa an biya ne ba da son rai ba, sai ka ji “fork out” ko “shell out”, mafi tsanani kuma “cough up”, wadda ta yi daidai da cewarmu an matsa masa har ya amayo kuɗin. Daga “blow” zuwa “cough up” duk na baki ne, ba a sa su a wasiƙar ciniki. A ɗaya gefen akwai “invest in”, zuba jari, da “save” ko “save up”, tara kuɗi domin wata buƙata, da “chip in”, karo-karo, da “foot the bill”, ɗaukar nauyin biyan abin da jama'a suka ci.

Haka ma sifofin mutane suke. Mai tattali da tsimi “thrifty” ne ko “frugal”, kuma yabo ne. Marowaci “stingy” ne, ko “tight-fisted”, mai maƙo wanda hannunsa ba ya buɗewa, ko “miser” idan rowar ta kai har kansa yake hana wa; mutanen Ingila sukan ce “mean”. Mai kyauta “generous” ne, mai wuce gona da iri “extravagant”. Ka yi hattara da “spendthrift”: ganin “thrift” a jikinta yakan sa ɗalibi ya zaci mai tattali ce, alhali almubazzari take nufi. Duk waɗannan sifofi suna jere ne tsakanin iyakoki biyun da aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta ambata, inda aka yabi bayin Allah da cewa idan sun ciyar ba sa ɓarna ba sa ƙwauro, suna tsayawa a tsakani. Wanda ya san wannan ma'auni a harshensa ba zai sha wuyar sanin inda kowace kalmar Ingilishi ta faɗa ba.

Maganar bashi gajeriya ce amma tana da tarko. “Borrow” karɓa ce, “lend” bayarwa ce, kamar bambancin “na ranci kuɗi” da “na ranta masa kuɗi”. Saboda haka “lend me” ake cewa, ko da yake a Kano za ka sha jin “borrow me”. Mu mun raba aro da rance, aro a maido abin da kansa, rance a maido madadinsa, amma Ingilishi bai raba ba, kalma ɗaya ce ga tsani da kuɗi. “I owe you” kana bi na ke nan, “you owe me” ina bin ka; a nan Ingilishi yana farawa da wanda ake bi, mu kuwa da mai bi muke farawa, kuma wannan juyin ya isa ya mai da mai bin bashi wanda ake bi idan ya yi gaggawar rubutu. Sayen kaya bashi “on credit” ne, bashin kansa “debt”, ba a furta “b” ɗin.

Tunda ƙafarka ɗaya tana Kano, dole ka san cewa Ingilishin da kake ji a Kantin Kwari da Sabon Gari yana da kalmominsa na kuɗi waɗanda dilanka na Sin ba zai sani ba. A can “dash” kyauta ce, “spray” liƙi ne a wajen biki, “balance” canji ne, “jara” ita ce gyararmu da ake ƙara wa mai saye, “I priced it” kuma na taya ke nan. “Chop money” cin kuɗi ne kamar yadda muke faɗa, kuma babban ƙamus na Oxford ya shigar da wannan ma'ana ta “chop” cikin kalmomin Nijeriya da ya karɓa a 2020. A Gana kuwa “chop money” kuɗin cefane ne. Ban ɗauki wannan a matsayin gurɓataccen harshe ba, harshen mutane ne masu yawan gaske, kuma da shi za ka yi ciniki a can. Amma idan ka juya ga wanda ke wajen yankinmu, tayi da ciniki “bargain” ne ko “negotiate”, ragi “discount”, farashin ƙarshe “best price” ko “final price”, sari “wholesale”, sayar da ɗai-ɗai “retail”.

Saura lissafi, wanda kuskure a cikinsa ya fi kuskuren nahawu tsada. Mu a kasuwa da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, dala ashirin sefa 100, jaka ɗaya sefa 1000. Idan ka fassara dala ashirin da “twenty dollars” ka ninka kuɗin fiye da sau ɗari. Abin sha'awa shi ne dalarmu da dalar Amurka kakansu ɗaya: wani kuɗin azurfa da aka fara bugawa a ƙarni na 16 a wani kwari da ke ƙasar Cek ta yau. Jikarsa, azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya da shekarar 1780 a jikinta, ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, daga baya sunan ya koma kan ƙwandalar faran biyar. Saboda haka ka mai da dala zuwa sefa tun a zuciyarka kafin ka buɗe baki, kuma ka rubuta sunan kuɗin a fili. A takardun banki alamar sefarmu ita ce XOF. Sannan aya da waƙafi sun yi musayar aiki tsakanin harsunan biyu. A Faransanci mukan rubuta 300.000 muna nufin dubu ɗari uku, mai karatu da Ingilishi kuwa ɗari uku kawai zai gani, domin shi 300,000 yake rubutawa. Canjin yuro ɗaya, wanda muka saba gani 655,957 a takardunmu, a idonsa ya haura sefa dubu ɗari shida, sai an rubuta masa 655.957. “Milliard” kuma “billion” ce a Ingilishi. A waya “thirteen” da “thirty”, ko “fifteen” da “fifty”, suna saurin rikicewa a kunne, don haka duk farashin da kuka yi da baki ka bi shi da lambobi a rubuce.

Ga yadda nake ganin ya kamata saƙonka ya kasance: “I have paid for the cartons by transfer. Please send me the receipt. How much do you charge for shipping, and does that include customs duty? If it costs more than last time, I cannot afford it this month.” Na sa “shipping” a madadin “transport” domin ita ce kalmar da dilolin ƙetare suke amfani da ita ga aiko da kaya, ko ta ruwa ko ta sama, za ka kuma ga “freight” a takardunsu da wannan ma'ana. Tambayar kuɗin duwan na ƙara ta ne da gangan, domin farashin da dila zai ba ka sau da yawa yana tsayawa ne a tashar jirgi, sauran ɗawainiyar daga can zuwa rumfarka tana wuyanka, kuma gara ka ji haka daga bakinsa kafin kaya su taso. Jimlar ƙarshe kuwa ka cire ta idan wannan ne karonku na farko, ka sa “Is that your best price?” a wurinta, ka jira amsarsa kafin ka faɗi abin da za ka iya biya. Ka gaida mahaifinka da mutanen gida.